Hitar ruwa mai gas a gidan Kano: a banɗaki, a tsakar gida, ko a haƙura a sa ta lantarki?

Da zarar hazo ya fara rufe Dala da Goron Dutse, zancen ruwan zafi ya dawo kowane gida. A watan Disamba da Janairu sanyin asuba a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13, ruwan da ya kwana a tanki kuwa ba ya taɓuwa. Ga alwala, ga wankan yara kafin makaranta, in kuma akwai mai jego a gidan, to murhu ba ya hutawa. A Turai da Amurka akwai babban murhun gas da ake girkawa ya ɗumama gida baki ɗaya. Mu ba mu da buƙatarsa, sanyinmu na wata biyu zuwa uku ne, bargo da rigar sanyi sun wadatar. Abin da ya shigo gidajenmu daga danginsa shi ne hitar ruwa mai aiki da gas, wadda kana buɗe famfo take kunna kanta ta ba ka ruwan zafi nan take, ko akwai wutar NEPA ko babu. Ƙa'idarsu kuwa ɗaya ce: wuta tana cin iska, tana kuma fitar da hayaƙi, don haka dole a san inda iskar za ta shigo da inda hayaƙin zai fita.

Masu zuwa saye a Sabon Gari yawanci tambaya biyu suke yi, wane kamfani ne kuma nawa ne. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce a ina za a kafa ta. Hita mai tsada da aka kafa a wurin da bai dace ba ta fi mai araha da ke sararin tsakar gida haɗari nesa ba kusa ba.

Bari mu yi lissafin a fili, don shi ne ke sa mutum ya yarda. Hitar da aka rubuta wa 10L tana nufin za ta ƙara wa lita 10 na ruwa zafin digiri 25 a cikin minti ɗaya. Wannan aiki yana buƙatar wuta mai ƙarfin wajen kilowat 20, wato kamar ka kunna kawunan murhun girki bakwai ko takwas a lokaci guda. A awa ɗaya tana shan gas kusan kilo ɗaya da rabi, a wankan minti goma kuma wajen rubu'in kilo. Kowane kilo na gas yana buƙatar iskar oksijin fiye da kilo uku da rabi kafin ya ƙone sosai. To ɗauki banɗakin da ake yi a ɗakunan haya na yanzu, faɗi mita ɗaya da rabi, tsawo mita biyu, silin bai kai mita uku ba. Duk oksijin da ke cikinsa bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba. Ke nan in aka rufe ƙofa da taga, wankan minti goma zai nemi cinye fiye da sulusin abin da mai wankan yake shaƙa. Tun kafin a kai nan matsala ta fara. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa, kuma da ya ragu kaɗan wutar ba ta ƙona gas yadda ya kamata, sai ta koma fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid.

Wannan iskar ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Warin da kake ji in tukunyar gas tana yoyo wani sinadari ne da ake zubawa da gangan don a gane yoyon. Kabon monoksaid ba a zuba masa komai ba. Yana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau ɗari biyu da wani abu, shi ya sa kaɗan ma ya isa. Alamunsa na farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda a garin nan kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis. Wanda ya faɗi a banɗaki kuma sai a ce santsi ne, ko hawan jini, ko a fara zancen iskokai. Likitoci a Indiya da Pakistan, inda irin wannan hita ta yi yawa a banɗakuna, sun sha rubutu a kan mutanen da ake tsinta a sume bayan wanka, wasu su tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa, wasu ba sa tashi.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin a wurinmu shi ne lokacin da aka fi kunna hita shi ne lokacin da muka fi toshe gida. Saboda ƙura, uwargida ta rufe tagogi, ta tura tsumma ƙarƙashin ƙofa, wasu har leda suke liƙawa a ragar sauro. Tsohon gida na cikin birni mai makewayi a gefen tsakar gida, sama a buɗe ko rabi a buɗe, iska tana ratsa shi ko an so ko ba a so ba. Sabon gini mai tagar alminiyam da silin na POP da banɗaki a ƙuryar ɗaki ba haka yake ba.

Hitocin gas da ake samu iri uku ne idan aka dubi yadda suke numfashi, kuma haka ma ƙa'idar Turai ta kasa su, A da B da C.

Ta farko ba ta da bututun hayaƙi ko kaɗan. Iskar ɗaki take ci, cikin ɗakin take amayar da hayaƙinta ta wasu tsage-tsage da ke samanta. Ita ce mafi araha, mafi sauƙin kafawa, ƙusa biyu da tiyo an gama, saboda haka ita ta fi shiga gidaje. Mai shago zai ce maka tana da na'urar da ke kashe ta in oksijin ya ragu. Wasu suna da ita da gaske, amma ƙura tana toshe ta, kuma ba abin da za ka jingina ran iyalinka a kansa ba ne. A Ingila dokar gas ta 1998 ta hana kafa kowace irin na'urar gas a ɗakin wanka sai wadda wutarta ke rufe ruf daga iskar ɗakin. Hukuncina a kan wannan iri gajere ne: ba ta shiga banɗaki, ba ta shiga ɗakin kwana, ko da akwai taga. Taga abu ce da yaro ko baƙo zai rufe ranar da sanyi ya yi tsanani.

Amma ita wannan hitar, in aka fitar da ita waje, labari ya canja, kuma a nan ne gidan Bahaushe ya yi sa'a. A kafa ta a bangon banɗaki ta waje, ɓangaren tsakar gida, a huda bango a shigar da bututun ruwan zafi kawai. Wuta tana waje, hayaƙi yana waje, tukunyar gas tana waje, abin da ke shiga wurin mai wanka ruwa ne zalla. Ga yawancin gidajen Kano masu tsakar gida wannan ne zaɓin da nake ganin ya fi, don ya haɗa sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali, kuma ba ya buƙatar lantarki, batir biyu manya irin na tocila ne ke kunna ta. Sai dai yana da sharuɗɗa. A yi mata 'yar rumfa ta kare ta daga ruwan damina, in za a sa ta a akwatin ƙarfe to mai walda ya bar tsage-tsage masu faɗi sama da ƙasa, kada ya yi mata akwati rufaffe don tsoron ɓarayi. Kada ta zauna ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. Iskar hunturu mai ƙarfi takan kaɗa wutar ta mutu, don haka a zaɓi bangon da ke da kariya daga arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa. Sannan a lura da wani abu da ya zama yayi: ana rufe tsakar gida gaba ɗaya da kwano ko roba mai haske saboda rana da ruwa. Tsakar gidan da aka rufe ta zama falo, hukuncin cikin ɗaki ne ya hau kanta. Haka siririn lungun da ke tsakanin gini da katanga, in an rufe samansa an mai da shi sito.

Ta biyu ita ce mai bututu a ka. Iskar ɗaki take ci, amma hayaƙi yana bin bututu ya fita sama, don iska mai zafi tashi take yi. A ƙa'ida tana da kyau a kicin mai faɗi ko baranda, amma a nan ne aikin hannu ya fi lalacewa, saboda yawancin masu kafawa masu gyaran famfo ne, sun san hanyar ruwa, ba a koya musu hanyar hayaƙi ba. Ruwa gangara yake so, hayaƙi hawa yake so. Bututun ya miƙe sama tsaye aƙalla santimita 60 daga kan hitar kafin ya yi wata kwana, kwanar kada ta yi yawa, kuma ko'ina ya kasance yana hawa har ya fita ya wuce saman rufi, a sa masa hula. Faɗinsa kada ya gaza bakin hitar. In bakin milimita 110 ne, ba a rage shi zuwa 75 don shi ne ake da shi a hannu. Na ƙarfe ake sawa, ba na roba irin na magudanar ruwa ba.

Na ga wani aiki a wani sabon gida inda bututun ya tashi daga kan hita ya shige cikin silin, a nan ya tsaya. Daga ƙasa ka ce aiki ya yi kyau, fenti fes. Maigidan ya tambayi mai aikin, shi kuma ya ce, "Alhaji, ai sama akwai fili, zai bi ta ƙarƙashin kwano ya fita." Cikin silin kuwa a haɗe yake da na dukkan ɗakunan gidan, duk ramin ƙwan fitila ƙofa ce da hayaƙin zai sauko ta cikinta zuwa inda yara ke barci. Sai da aka fasa aka fitar da bututun ta saman rufi.

Ko an yi bututun daidai, irin wannan hita tana buƙatar kafar shigar iska ta dindindin a ƙasan bango ko ƙofa, wadda ba a rufewa. In babu iskar da za ta maye gurbin wadda ta fita, bututun ba zai ja ba. Fankar da ke zuƙe hayaƙin girki ma takan janyo hayaƙin hitar ya dawo baya cikin ɗaki. Gwajin ba shi da wuya. A rufe ƙofofi da tagogi kamar yadda ake yi da sanyi, a kunna duk fankokin zuƙe iska, a bar hitar ta yi aiki minti biyar, sannan a kunna turaren tsinke a kai shi bakin tsagar da ke ƙarƙashin bututun. In hayaƙin turaren ya shige ciki ya bi sama, bututu yana ja. In ya dawo fuskarka, a kashe, kada a sake kunnawa sai an gyara. A maimaita gwajin kowace shekara kafin sanyi, domin wata tara da hitar ta yi a zaune ya isa tsuntsu ya yi sheƙa a bututun, ko zanzaro ya gina ɗakinsa.

Ta uku ita ce rufaffiya. Wutarta tana cikin akwati da ba ya haɗuwa da iskar ɗaki sam. Bututunta biyu ne a cikin ɗaya, galibi na ciki milimita 60 na waje 100: na ciki yana fitar da hayaƙi, tazarar da ke tsakaninsu tana shigo da iska daga waje, ƙaramar fanka tana turawa. Ta bango yake fita kai tsaye, ba sai an huda rufi ba. Ga wanda ke zaune a bene, ko fulat da ba shi da tsakar gida ko baranda a buɗe, in dai lallai gas yake so, wannan ce kaɗai zan yarda a kafa a cikin gida. Bakin bututun ya yi nesa da taga ko wata kafar iska da aƙalla santimita 30, in an samu fiye da haka ya fi, kada kuma ya fuskanci tagar maƙwabci a lungu. Aibinta biyu: ta fi tsada sosai, kuma fankar tana son lantarki. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar inbata ta ɗauke ta, in wuta ta ɗauke kuma hitar kashe kanta take yi. A kula, akwai mai fanka wadda bututunta ɗaya ne tak. Wannan tana tura hayaƙi waje amma iskar ɗaki take ci, don haka 'yar gidan ta biyu ce, ko da mai shago ya kira ta rufaffiya. Leƙa bakin bututun ka ƙirga da idonka.

Akwai abubuwan da suka shafi duk ukun. Na farko irin gas ɗin. A Kano gas na tukunya muke amfani da shi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, wani iri ne daban, kuma ba shi ne ke zuwa kicin ɗinmu ba. Hitocin kwatano da yawa an yi su ne don gas na bututu, ramukan da gas ke fita ta cikinsu sun fi faɗi. In aka haɗa su da tukunya sai wutar ta yi ja, ta yi tsawo, ta yi hayaƙi. Duba 'yar takardar ƙarfe da ke gefen hitar: LPG ko G30 ko G31 namu ne, NG ko G20 ba namu ba ne. Regileta kuma mai ƙaramin matsi ake sawa, na milibar 28 zuwa 37 gwargwadon abin da aka rubuta, ba irin na masu suya da ake murɗawa wuta ta yi ƙara ba, kuma ya zama mai iya ba da kilo ɗaya da rabi a awa ko fiye.

Tukunyar ta tsaya a tsaye a waje, cikin inuwa, nesa da bakin kwata, domin gas ɗinmu ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake bi ya taru a rami. Da asubar sanyi za ka ga tukunya tana gumi, wuta ta yi rauni. Kada a kwantar da ita, kada a zuba mata ruwan zafi, a haɗa tukwane biyu ko a sayi babba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, shekarar ƙira tana jikinta. Inda gas zai ratsa bango a sa bututun jan ƙarfe, tiyo ya zama gajere kuma a inda ido ke ganinsa. Da kumfar sabulu ake gwada mahaɗa, ba da ashana ba.

Sai matsin ruwa, wanda shi ne ke sa mutane da yawa su ce an sayar musu da hita marar kyau. Tsayin mita ɗaya tsakanin tanki da kan shawa yana ba da matsin kusan kashi ɗaya cikin goma na bar, wato ma'aunin da ake auna matsin ruwa da shi. Tankin da ke kan ɗan dakali, mita biyu sama da shawa, sau da yawa ba zai iya tayar da hitar ba. Ko a ɗaga tanki, ko a nemi hitar da aka yi don ƙaramin matsi, ko a sa ɗan injin turawa, shi kuma ya dawo da kai ga neman lantarki. In ruwan burtsatse ne a sa matata kafin hitar saboda yashi.

Ta lantarki mai tanki fa? Ba ta da hayaƙi, wannan babban abu ne, kuma za ta iya zama a cikin banɗaki. Mai lita 30 da ke cin kilowat ɗaya da rabi tana ɗaukar kusan awa guda ta kai ruwa digiri 60, tana kuma riƙe zafin sa'o'i, don haka ko da dare aka kawo wuta za a samu na asuba. Haɗarinta na jan wuta ne: dole a yi mata wayar ƙasa ta gaske, da makunninta daban a wajen banɗaki, da burekar da ke yanke wuta in ta fara zurara, mai miliamfiya 30. Ɗan bawul ɗin da ke ɗigar da ruwa a ƙasanta kada a toshe shi, shi ke hana tankin fashewa. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta. A kuɗi kuwa, ɗumama bokiti mai lita 20 daga digiri 18 zuwa 40 yana cin kusan rabin yunit na lantarki, ko gas wajen giram 50, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta ba da bokiti kusan 250. A Afrilun 2024 an kai yunit na 'yan Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225, daga baya aka ɗan rage, don haka bokiti ya haura naira ɗari a wurinsu. In a ce kana sayen kilon gas naira 1,200, bokitin naira 60 ne. Wanda ke kan layin KEDCO mai rahusa zai ga lantarki ya fi sauƙi, in an kawo. Ita kuwa hitar da ake tsomawa a bokiti, wadda ake mantawa a jone in an ɗauke wuta, ba na sa ta cikin lissafi. Gobara da jan wutar da take jawowa sun isa dalili.

Ta hasken rana ita ce ta fi dacewa da garinmu in akwai jarin farko. Ba gas, ba hayaƙi, ba kuɗin wata. Gida mai mutane da yawa, ko inda ake yawan jego, tanki mai lita 150 zuwa 200 zai sauke musu nauyi mai yawa. Sai dai hazo yana rage mata ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatarta, dole a riƙa goge ƙura daga gilasan, kuma in an kwashe ruwan da daddare na asuba zai zo da ɗumi kawai. Tankin lita 200 in ya cika ya haura kilo 200, ba kowane rufin kwano ne zai ɗauka ba, gara a yi masa ƙafafun ƙarfe. A watannin Maris zuwa Mayu ruwan yakan yi zafin da zai sale fatar yaro, don haka a sa bawul mai gauraya shi da na sanyi.

Ɗan haya a ɗaki da banɗaki a ciki, wanda mai gida ba zai bar shi ya huda bango ba, ya sa ƙaramar ta lantarki, ko ya ci gaba da dafa ruwa a kicin taga a buɗe. Ya fi masa hitar gas a saman kansa.

Duk wanda ya zaɓi gas a cikin gida, ko da rufaffiya ce, ya sayi ƙararrawar kabon monoksaid, mai lambar EN 50291 a jikinta, ya kafa ta mita ɗaya zuwa uku daga hitar. Daban take da ta hayaƙin gobara, daban da ta yoyon gas wadda ake sawa kusa da ƙasa, kuma tana da ranar ƙarewa a bayanta. Ita ce kuma za ta yi ƙara in an shigo da kaskon gawayi ɗaki an rufe ƙofa, ko hayaƙin janareta ya biyo taga. Ka riƙa leƙa wutar hitar ta ɗan ramin gaba: shuɗiya mai tsayuwa ake so. Ja ko ruwan ɗorawa mai lilo, ko kunkunniya a bango saman hitar, alama ce ta a kashe a kira mai gyara ya wanke ƙurar da ta toshe ta.

In kuwa aka ga mutum biyu ko uku a gida suna ciwon kai lokaci guda, suna samun sauƙi in sun fita waje, ko wani ya daɗe a banɗaki ba ya amsawa, a buɗe ƙofa ko da ɓallewa ne, a rufe tukunya, a fito da shi sarari. Ba madara ko manja ne maganinsa ba, oksijin ne, don haka a wuce asibiti kai tsaye, Murtala ko na Malam Aminu Kano ko mafi kusa, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, musamman mai ciki da ƙaramin yaro. A gaya wa likita a fili cewa ana zargin hayaƙin hita ne, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa takan nuna oksijin lafiya lau alhali jinin cike yake da gubar.